Zakin da Darakta Ya Tono a Tsakar Gida

Duk layin babu wanda ya taɓa ganin takardar da ta naɗa shi darakta. Abin da aka sani shi ne ya yi shekara ashirin yana masinja a gidan adana kayan tarihi, yana kai fayil daga wannan ofis zuwa wancan, yana goge gilashin akwatunan da ake ajiye tsofaffin tukwane. Amma tun da ya yi ritaya ya tare a gidan da ya gada daga mahaifinsa, in ya buɗe baki sai ka rantse shi ya gina tukwanen da hannunsa. Tela, abokinsa tun na yarinta, shi ya fara ce masa Darakta don tsokana. Shi kuwa ya amsa da fara'a, sunan ya bi shi.

A ƙofar shagon Tela akwai benci biyu da kujera ɗaya mai majingini da hannuwa. Tela ya saye ta ne saboda ciwon baya, amma ranar da aka kawo ta Darakta ya ce bari ya gwada ƙarfinta, yau shekara tara ke nan bai gama gwadawa ba. Daga kanta yake yanke wa 'yan layi hukunci kan komai, tun daga dalilin tsadar siminti har zuwa abin da ke hana kaza tashi sama. Bai da gona, bai da shago, 'ya'yansa duk sun watse. Kujerar nan ita ce ofishinsa, kuma a ransa ya fi son a raba shi da fanshonsa da a raba shi da ita.

Abu ɗaya ne ke sa hira ta tsaya a wurin, wato wucewar Yaya, yayar Darakta, in ta zo daga can gefen gari inda take zaune da 'ya'yanta. Za ta gaisa da kowa, ta tsallake Tela, ta ƙara matse jakarta a hammata. Tun suna yara wani abin wasanta ya ɓata, aka ce Tela ne na ƙarshe da ya riƙe shi, mahaifinsa ya yi masa dukan da bai manta ba. Shekara hamsin da doriya ke nan, ko ɗankwali ba ta taɓa ba shi ɗinki ba.

Wata Litinin da hantsi Darakta ya sa aka zo haƙa masa ramin da ruwan banɗaki zai riƙa gangarawa, kusa da kututturen tsohuwar bishiyar lemun tsami. Mai haƙa ya yi nisa, sai shebur ɗinsa ya ce ƙwal. Ya sunkuya ya ɗago wani abu a naɗe cikin ruɓaɓɓen tsumma mai baƙin mai, ya warware, ya juya shi, ya ɗaga hannu zai wurga bayan katanga.

"Kai! Tsaya nan!" Darakta ya daka masa tsawa, ya taho da gudun da rabonsa da shi tun yana aiki.

Abin bai wuce tafin hannu ba. Ƙarfe ne, tsatsa ta lulluɓe shi. Yana da ƙafafu huɗu, da wutsiya, da kai mai kunnuwa biyu a tsaye, da 'yar huda a wuya. In aka girgiza shi sai wani abu ya yi ƙara a ciki.

"Ka san abin da ka so jefarwa kuwa?"

"Gwangwani ne, Baba."

"Gwangwanin gidanku. Zaki ne wannan. Fito daga ramin nan, kuma ka fito a hankali, kana taka tarihi."

Ya shiga ɗaki ya ɗauko tabarau, ya sauka ramin da kansa. Akwai wata ƙa'ida da ya taɓa ji a bakin masu tono, lokacin da yake kai musu shayi, cewa abin da ya fi zurfi a ƙasa ya fi tsufa. Sauran bayanin bai ji ba, don an aike shi sayo sukari, sai ya ƙarasa da kansa: kowane taƙi ɗaya shekara ɗari ne. Ya buɗe yatsunsa ya shiga auna bangon ramin daga sama zuwa ƙasa. Ya samu taƙi biyar. Abin bai yi masa ba, ya ɗan rage buɗa yatsun ya sake aunawa, ya samu bakwai.

"Shekara ɗari bakwai," ya faɗa da muryar masu karanta labarai.

Matarsa na tsaye a bakin ramin da bokitin wanki. Mace ce da ba ta ɗaga murya, shi ya sa maganarta ta fi shiga.

"Baban yara, da tifa huɗun jar ƙasar da ka sa aka zuba shekarar da ruwa ya shigo mana ɗaki ka lissafa?"

"Ita ƙasar da tifa ta kawo jiya aka haife ta? Ai ita ma tsohuwa ce. In ma an bi ta gaskiya ƙari ya kamata in yi."

"To Allah ya ba da sa'a. Yaushe za a ƙarasa ramin?"

"Wane rami? Daga yau wannan wurin bincike ne."

Ya sallami mai haƙa, ya kwance igiyar shanyarta ya zagaye ramin da ita, ya rataya kwali ya rubuta BA A SHIGA. Da yake ramin a ƙofar banɗaki yake, duk mai bukatar shiga sai ya bi ta kan wani katako da aka gitta, yana riƙe da buta a hannu ɗaya, ɗayan yana dafe da bango.

Da yamma ya isa shagon Tela riƙe da zakin a cikin farin tawul, ya zauna a kujera, ya bari sai da aka tambaye shi sau uku kafin ya buɗe.

Tela ya ɗago daga kan keke, ya leƙo ta saman gilashinsa. "Akuya ce?"

"Kare ne," in ji Mai Walda, wanda shagonsa ke jikin na Tela. "Dubi wutsiyar."

"Allah ya shirye ku," in ji Darakta. "Zaki ne. Tambarin wani sarki da ya yi mulki a nan kafin kakannin kakanninku su san takalmi. Kun ga hudar nan? Nan ake zura sarƙa ya rataya a wuya. Kun ji wannan ƙarar?" Ya girgiza shi a kunnen Tela. "Duwatsu masu daraja ne. Haka suke yi, su ɓoye dukiya a cikin tambari saboda ranar gudu."

"Zakin ina gashin wuyansa?"

"Mace ce."

"Ɗazu ka ce zaki."

"A aikinmu duk zaki muke cewa."

Mai Walda ya karɓa ya kankara da farce, ya bi gefen cikin da yatsa. "Darakta, wannan fa haɗin dalma ne, irin na masu yin fitila da mazurari da gwangwani. Kamar dai aikin marigayi babanka."

Darakta bai cika son a tuna masa da sana'ar mahaifinsa a gaban mutane ba. Ya fizge zakin. "To su masu fitilar daga ina suka koya? Ai daga irin waɗannan. Ka ga ka ƙara tabbatar da maganata ba ka sani ba."

"Ni dai," in ji Tela yana zura zare, "in abin nan ya girme ni, da kaɗan ne."

Aka kwashe da dariya, dariyar kuwa ta taɓa Darakta inda ba ya so. Ya miƙe, ya dafa majinginin kujerar.

"Ku zama shaida. Ranar Asabar zan kira malamar tarihi ta makarantar sakandare, a buɗe cikin zakin nan a gaban kowa. In bai kai shekara ɗari biyar ba, na bar kujerar nan har abada. Ko inuwarta ba zan ƙara zama ba."

Tela ya tsayar da keke. Ya dubi kujerar, ya shafa bayansa. "Kun ji dai da kunnenku," ya ce.

Tun daga nan gidan Darakta bai ƙara zama lafiya ba. Ranar Talata ya ce sai an wanke zakin yadda ƙwararru ke yi. Ya matse lemun tsami a cikin tukunyar da matarsa ta fi ji da ita, ya jiƙa shi, ya dirje da buroshin haƙorinta, don nasa ya ce ya yi tauri. Tsatsa ta ɗan saki, tukunyar ta yi baƙi, zakin na nan yadda yake. Ranar Laraba ya je wurin mai gyaran mota ya roƙo ruwan batir a kwalba, ya ce tsomawa ɗaya zai yi ya cire. Ya tsoma ɗin, sai makwabci ya yi sallama, ya tsaya yi masa bayanin yadda sarakunan da ke gudu. Da ya dawo ruwan na tafasa, wutsiyar zakin ta rabu da jikinsa, rigarsa kuma ta yi huji bakwai a gaba.

Ya kai wa Mai Walda a ɓoye. Mai Walda ya ce ƙarfen baya ya cinye, babu inda dalma za ta kama, sai dai a manna wutsiyar a gadon baya.

"Manna. Da ma can asalinta a nan take, tsufa ne ya zamar da ita."

Da Tela ya gani sai ya ce yanzu kam ya yarda ba akuya ba ce, buta ce mai mariƙi. Rigar mai huji kuma shi aka kawo wa, ya ce zai yi mata faci in an gama bincike, kada ya ɓata tarihi.

Ranar Alhamis Darakta ya tashi da sabon tunani. Sarki ba ya yar da tambarinsa a daji, saboda haka fadar tana ƙarƙashin gidan. Ya ari diga ya shiga sara da kansa. Ya tono gaban kicin ya samu cokali. Ya tono gefen rijiyar da aka cike ya samu ƙafar silifa ɗaya, wadda matarsa ta ce tata ce, ta kuma faɗi kasuwar da ta saya. Ya ce kamanni ne kawai. Can wajen azahar, a gindin katanga, digar ta daki wani abu mai tsawo da ya amsa da ƙara.

"Maman yara! Zo ki ga ƙofar fada!"

Ya ɗaga digar ya sake kirɓawa da dukan ƙarfinsa. Ƙofar fada ta yi tsartuwa sama, ta fi katanga tsawo, ta tuge masa hula. Bututun ruwan da ya ratsa ta gidan zuwa sauran layin ne. Kafin a samo mai famfo ya toshe, tsakar gida ta zama tafki, ramukan sun cika, kaji sun hau kan kwandon kwanuka, kwalin BA A SHIGA na yawo a kan ruwa. Mai famfo ya ce irin bututun sai an yi odarsa, sai wani mako.

Gida goma sha huɗu suka wayi gari ranar Juma'a babu ɗigon ruwa. Mata suka yi ta wucewa da jarkoki zuwa layin baya, kowace ta zo ƙofar gidan sai ta rage tafiya.

"Ina kwana, Darakta. Ya mai martaba ya kwana?"

"A gaishe da sarki, a ce masa talakawa na jin ƙishi."

Mai wanki da guga, wanda aikinsa ya tsaya cak, ya zo har zaure ya ce in zakin na da dukiya a ciki to shi ne farkon mai rabo. Darakta ya karɓe su duka da haƙuri irin na manya. Ya ce gobe war haka za su yi alfahari da cewa ruwansu ne aka yanke saboda tarihi, har ma ya yi alkawarin sa sunan layin a takardar da za a manna jikin akwatin gilashi.

Matarsa ta tsallake ramuka uku ta shiga ɗaki, ta ɗauki waya ta kira Yaya. "Yaya, in kina son ki ƙara ganin gidan babanku a tsaye, ki zo gobe. Ƙaninki ya kusa kaiwa ga harsashi."

Asabar da la'asar ƙofar shagon Tela ta cika. Waɗanda aka yanke wa ruwa su suka fi yawa, sun zo su ga abin da suka sha wahala dominsa. An fito da teburin yankan Tela an shimfiɗa farin yadi, zakin na tsaye a kai da wutsiyarsa a gadon baya. Malamar tarihi ta zo, matashiya mai kunya, da jakar littattafai. Darakta ya ba ta benci, shi ya hau kujera, ya yi jawabin da ya kai rabin awa, ya ambaci sarkin, da yaƙin da ya ci shi, da ƙofar da ya bi ya gudu.

Malama ta ɗauki abin ta juya shi. "Baba, a wane irin wuri aka same shi? Ƙasar ba a taɓa motsa ta ba?"

"Ko kaza ba ta taɓa tona ta ba."

"Tifa huɗu," in ji wata murya daga cikin mata.

"'Yata, kada ki kula su. Taƙi bakwai, shekara ɗari bakwai. Ba a koya muku wannan ba?"

"Gaskiya ba a koya mana ba, Baba."

"Kin gani? Karatun yanzu ke nan." Ya yafito Mai Walda. "Kawo almakashinka. Ku matsa baya, kuma duk abin da ya faɗo kada wanda ya sa hannu."

Daidai nan aka ji muryar Yaya tana cewa a ba ta hanya. Ta biya ta gidan ta ga abin da ya zama, ta fito zaninta duk taɓo har gwiwa. Ta ratso mutane ba ta gaida kowa ba.

"Auta! Kai da wa kuka yi yaƙi a gidan nan?"

Duk duniya ita kaɗai ke kiransa Auta, kuma da ta faɗa sai ya ji ya rage tsawo. "Yaya, zauna tukuna, muna tsakiyar aiki. Wannan zakin…"

Yaya ba ta jin sa. Idonta na kan tebur. Ta matsa a hankali, ta ajiye jakarta a ƙasa, a ƙofar shagon Tela, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ɗauki abin da hannu biyu ta girgiza shi kusa da kunnenta.

"Wa ya mayar mata da wutsiya nan?"

"Yaya, tambarin sarki ne, ki yi a hankali."

"Kyanwata ce." Muryarta ta canza. "Baba ya yi mini ita da gwangwanin madara lokacin da na yi ƙyanda, don in daina kuka. Nan wuyan zare yake ɗaura mini ina ja. Duwatsu uku ne a ciki, da maɓalli ɗaya, shuɗi, na rigarsa, don na ce ƙarar ba ta isa ba ya tsinke ya ƙara."

Mai Walda ya dubi Darakta, Darakta ya dubi ƙasa, sai Yaya ta miƙa wa Mai Walda da kanta. "Buɗe, amma ta ƙasa, kada ka ɓata mata fuska."

Ya yanka 'yar ƙofa a cikin, ya kifa a kan farin yadin. Tsakuwa ta faɗo, ɗaya, biyu, uku. Sai maɓalli ya biyo baya, ya gangara ya tsaya a gaban Darakta. Malama ta haska cikin da fitilar wayarta, ta yi ƙoƙarin riƙe fuskarta, abin ya gagara.

"Akwai hoton saniya a ciki, Baba. Har da rubutu, wai a zuba cokali biyu a kofi."

Dariyar da aka yi har layin baya sai da aka ji ta. Mai wanki da guga ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki, yana cewa a ba shi rabonsa na tsakuwa. Wata ta ce ashe mai martaba da madara yake shan shayi. Darakta bai ji ko ɗaya ba. Maɓallin yake kallo. Ya san rigar. Ya tuna wuyanta da ke buɗe kullum saboda maɓalli ɗaya ya rasa, ya tuna ƙamshin dalma a hannun mahaifinsa, daga nan sauran abin ya zubo masa gaba ɗaya kamar ruwan bututun shekaranjiya.

Yaya kuwa ta juya kan Tela. "Ashe ba ma tafiya ka yi da ita ba. Binne ta ka yi a gidanmu, don mugunta. Kai ba ka yi wasa da ita ba, ni ba ka bar ni na yi ba."

Dariya ta ɗauke. Tela ya miƙe daga kan ɗan kututturen da yake zama a bayan keke, tsoho mai furfura da tef a wuya.

"Wallahi Yaya ban ɗauka ba. Na faɗa a lokacin, ina kuma faɗa yanzu."

"Haka ka ce wancan karon."

Malama ta shiga tsakani. "Mama, ki yi haƙuri. Babu wanda zai iya sanin wanda ya binne ta, ko yaushe. Ni kaina iyakar abin da zan iya cewa, ta yi tsakanin shekara arba'in zuwa saba'in a ƙasa."

Darakta na iya yin shiru. Kujera dai ta riga ta tafi, babu mai neman ƙarin komai a wurinsa. Amma ga Tela tsaye yana rantsuwar da ya yi tun yana ɗan shekara bakwai, kunya ta rufe Darakta tun daga kai har ƙafa. Ga kuma wannan magana ta arba'in zuwa saba'in, wadda ko yana kan gadon asibiti ba zai iya bari ta wuce ba.

"Arba'in zuwa saba'in?" ya ce. "'Yata, wannan ai ba aiki ba ne, canki-canki ne."

Ya miƙe. "Shekara hamsin da shida. Da damina, ranar Talata, bayan ruwa ya ɗauke. An naɗe ta da tsumman goge hannun Baba, aka haƙa da murfin kwano, taƙi ɗaya daga gindin lemun tsami, ta wajen gabas."

"Kai kuma ya aka yi ka sani?" in ji Mai Walda.

"Don ni na binne ta."

Ya faɗi sauran yana kallon teburin. Baba ya ce zai yi masa tasa gobe, goben ta yi ta zama gobe. Shi kuma ya ce bari ya ɓoye ta kwana ɗaya Yaya ta ji yadda yake ji. Da safe ruwa ya shafe alamar da ya yi. Kafin ya sami bakin magana an riga an kama Tela, ya ji ihunsa ta kan katanga, tsoro ya ɗinke masa baki. Daga baya ya daina tunawa, har ya manta da gaske.

Yaya ta daɗe tana kallonsa. Mutane suka ja baya kaɗan, don an san hannunta. Sai ta ɗauki jakarta, ta maka masa a kafaɗa sau ɗaya, ba da ƙarfi sosai ba.

"Shekara hamsin da shida ina gaba da bawan Allah saboda kai, Auta. Da bakinka da ba ya rufuwa, wannan kaɗai ka iya riƙewa?"

Ta juya wurin Tela, ta rasa ta inda za ta fara. Ta gyara mayafi, ta ɗan rusuna. "Ina wuni, Tela."

"Lafiya lau, Yaya." Ya cire gilashi yana gogewa da gefen riga, ya daɗe yana gogewa.

"Ya aiki? Ya iyali? Ka yafe ni."

"Ba komai, Yaya. Ya wuce."

"Ina da atamfa turmi uku a gida. Gobe zan aiko."

Darakta ya ɗauki kujerar da kansa. Ta fi nauyin da yake zato, don bai taɓa ɗaga ta ba. Ya shiga da ita shagon, ya ture kututturen gefe, ya ajiye ta a bayan keke. Tela ya zauna, ya jingina, ya lumshe ido, ya saki wani dogon numfashi.

"Darakta," ya ce, "shekara tara kana magana a kan kujerar nan. Yau ce rana ta farko da ka faɗi abin da ka sani, kuma a tsaye ka faɗe shi."

Yaya ta tafi da kyanwarta a jaka, da tsakuwa uku, maɓallin kuwa ta bar wa ƙaninta. Mako guda Darakta ya yi yana cike ramuka da safe, da yamma yana tura baro da jarkoki daga layin baya, gida goma sha huɗu, matarsa na tsaye a ƙofa tana nuna masa gidan da ya tsallake. A rana ta uku ya tsaya hutawa a ƙofar shago, ya raɓa a ƙarshen benci inda rana ke bugawa, cikin rigarsa mai faci bakwai da maɓallin nan shuɗi a wuya. Tela na ɗinka atamfar Yaya. Aka yi ta hira ba a sa da shi ba, ya daure, ya daure, har ya kasa.

"Amma ku faɗi tsakaninku da Allah," ya ce. "Ita Malama da digirinta, da kuskuren shekara talatin ta zo. Wa ya faɗi ranar daidai?"

Tela bai ɗago ba. "Kai ne, Darakta. Tura baronka, gidan mai wanki na jira."